Zunguru ya tayar da shafin gidan tarihinmu, yanzu kuma Kawu ya ce a rufe

Balarabe (Garwa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Kawuna shi ne mai riƙe da makullin wani ɗan gidan tarihi a fadar wani lamiɗo a yankinmu, ba sai na kama suna ba. Ɗaki biyu ne da zaure. Akwai sulke, lifidi, kwalkwali, kakaki biyu, tsoffin takubba, akusa, da hotuna da suka fara cin ƙasa. Wata bakwai da suka wuce na buɗe masa shafi a Facebook. Na riƙa ɗora hoto da bayani da Faransanci kamar yadda aka rubuta a katin kowane kaya. Wallahi kamar ina magana da bango. Mutum huɗu, mutum shida, kuma biyu daga ciki ƙannena ne.

Makon jiya na gaji. Na ɗauki hoton wani dogon goran duma da ke jingine a lungu, bakinsa a yanke an daɗe shi da fata, cikinsa ya yi ja-ja kamar tsatsa. Katinsa ya ce wai gorar ruwa ce ta mahaya doki. Ban sa wannan ba. Na rubuta da Hausa kawai: wa ya san wannan? Kafin isha'i mata sun cika shafin. Ashe zunguru ne, wanda ake zura hannu a ciki idan an ƙunsa lalle. Wata tsohuwa ta sa jikarta ta turo saƙon murya na minti shida, tana dariya tana cewa wane mahayi ne zai sha ruwa a abin lallen amarya. Shekara da shekaru katin nan yana ƙarya ba wanda ya tanka.

Matsalar ita ce Kawu ya ji labari, ransa ya ɓaci. Ya ce na tona masa asiri a duniya, an mai da gidan abin dariya, kuma ɓarayi sun ga abin da ke ciki. Ya ce in rufe shafin. Ni kuma ina ganin yanzu ne ma aka fara. Me kuka gani?

Ɗanjuma Klando (Kusiri): Mahayin doki da zunguru! Allah ya ji ƙan wanda ya rubuta katin nan, ya sha ruwan lalle ya ƙoshi.

Hajiya Ladidi (Njamena): Wa alaikumus salam. Balarabe ɗana, ni ma na ga hoton, wata ƙawata ta turo min. Har na kira 'yata na ce zo ki gani, ta ce Mama wannan kwarin kibiya ne? Yarinyar da aka yi wa lalle bara! Su yanzu leda suka sani da salatif. Mu a lokacinmu a kwaɓa lalle da yamma, a damƙa miki a tafin hannu, a naɗe da ganye, a zura hannun a zunguru har gwiwar hannu, ki kwana da shi kina juyi a hankali kada ya fashe. Jan da ka gani a ciki ba tsatsa ba ne, lallen amare nawa ne ya zauna a wurin. Ka gaya wa kawunka ba dariyarsa ake ba. Namiji ne ya rubuta katin, kayan mata ne, ina zai sani?

Malam Isiyaku (Marwa): Balarabe, kafin kowa ya zuga ka, ka fahimci kawunka. Mutumin da ya yi shekaru yana karkaɗe ƙura, yana korar gara, watakila albashin ma ba kullum ba, rana ɗaya yaro da waya ya nuna wa duniya cewa katinsa kuskure ne. Ko ni ne sai na ji zafi. Laifinka ɗaya: ba ka fara zuwa gare shi ba. Da ka kunna masa muryar tsohuwar nan kafin ya ji a bakin mutanen gari, da shi zai ce maka ɗauko na gaba.

Amma rufe shafi ba daidai ba ne. Na koyar shekara 31, na kai yara gidajen tarihi fiye da yadda zan ƙirga. Su shiga a jere, a ce kada ku taɓa, a karanta musu kati, su fito suna tambayar yaushe za a ci abinci. Ban taɓa ganin an tambayi yaro ko kakarsa tana da irin wannan a gida ba.

Balarabe (Garwa): Gaskiya ne Baba Malam, na yi gaggawa. Zan je in ba shi haƙuri.

Zainabu (Ngaundare): Yaya Balarabe, abin da ka yi ba tare da ka sani ba, manyan gidajen tarihi na duniya kuɗi suke biya a koya musu shi. A watan Maris na 2020, da korona ta sa aka rufe ko'ina, gidan tarihin Getty da ke Amurka ya ce wa mutane su zaɓi zane ɗaya daga cikin kayansa, su kwaikwaye shi da abubuwa uku da suke da su a gida, su turo hoto. Mutane suka yi ta naɗa tawul a ka, suna riƙe da tukunya da kyanwa. Dabarar ma ba tasu ba ce, sun gan ta ne a wani shafin Instagram na Holan. A wannan watan dai, wani gidan tarihin makiyayan shanu a Oklahoma ya miƙa wa shugaban masu gadinsa shafin Twitter, don yana cikin 'yan kaɗan da suka rage a ginin. Dattijo ne, bai iya abin ba, yana yi yana kuskure yana tambayar jikansa, kuma wannan rashin iyawar ce ta ja dubban mutane.

Abin da nake so ka lura da shi: ba kyawun hoto ne ya ja su ba. An ba mutane abin yi ne, ko kuma sun ji muryar mutum maimakon muryar ofis. Don haka ni shawarata, kada ka ɓoye Kawu. Shi za ka sa a gaba. Ka ɗauke shi bidiyo na minti ɗaya yana nuna yadda ake ɗaura lifidi.

Ɗanjuma Klando (Kusiri): Zainabu 'yar jami'a, to mu da muke sayen mega na sefa 100 muna lallaɓa shi kamar jinjiri, wa zai buɗe bidiyon lifidi? Ni in na ga bidiyo gudu nake, kamar na ga ɗan sanda a gadar Ngeli ba takarda.

Zainabu (Ngaundare): Kai da kake kallon kokawa da ƙwallo har reso ya ɗauke? Megan lifidi ne kawai babu.

Ɗanjuma Klando (Kusiri): An kama ni.

Hajiya Ladidi (Njamena): Ku bar wasa, maganar Ɗanjuma tana da ƙamshin gaskiya. Mu nan Cadi mun ga abin da ku ba ku gani ba. Daga Maris na 2018 har Yulin 2019 an toshe mana WhatsApp da Facebook, wata 16 cur. Mai hali ya sa VPN yana ƙona kuɗi ninki biyu, marar hali ya haƙura. To duk wanda ya zuba tarihin garinsu a shafi ɗaya ya tafi ya kwanta, ranar da aka ja wayar sai ya tashi ba komai. Balarabe, muryar tsohuwar nan ka sauke ta? Ko tana can a saƙo kawai?

Balarabe (Garwa): Tana cikin wayata, Hajiya.

Hajiya Ladidi (Njamena): Wayar da za ta faɗa Binuwai gobe. Ka sa a kati, ka sa a kwamfuta, kuma ka zauna da biro ka kwafe abin da ta ce a littafi, da sunanta da unguwarsu da ranar.

Alhaji Tanko (Birkitiri, Yawunde): Salamu alaikum. Na karanta duka. Ni ina bayan kawun yaron nan, kuma ba don katin ba. Sana'ata kayan hannu ce, jaka, takalmi, tabarma, sassaƙa, shekara 20 da wani abu. Na san masu zuwa su duba kayan shago sama-sama, sannan su rage murya su ce, Alhaji ba tsoho? Tsoho suke nema, na gaske, wanda ya ci ƙasa. Da can sai sun bi ƙauye-ƙauye suna tambaya. Yanzu kai ka ɗauki hoto, ka nuna lungun da yake jingine, ka nuna tagar da ba ƙarfe. Ka yi musu rabin aiki.

Ku tambayi mutanen bakin Shari da Logon me ya sami kayan Sao, mutanen da suka zauna a wurin a zamanin da. Mutum-mutumin yumɓu da tagulla da aka haƙo daga tuddan tsoffin garuruwa, tun shekarun 1930 Faransawa irin su Griaule da Lebeuf suka fara kwasa da sunan bincike, daga baya 'yan kasuwa suka ɗora. Har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Sao a jerin kayan Afirka da aka fi sata. Facebook da kansa sai a Yunin 2020 ya hana sayar da kayan tarihi a dandalinsa, bayan masu bincike sun nuna cewa akwai guruf-guruf da ake cinikinsu a fili. Kada mu yi wa kura jagora zuwa garke saboda a danna mana alamar so.

Mariya (Jamus): Alhaji, ranka ya daɗe, ina girmama maganarka amma ina ganin ta juye. Abin da ba shi da hoto shi ne ya fi sauƙin sata. Idan sulken nan ya ɓata yau, da me Kawu zai nuna cewa nasu ne? Idan ya fito a wani gwanjo a Faris ko Burasal bayan shekara biyar, mai sayarwa zai ce kakansa ne ya saya tun zamanin mulkin mallaka, kuma ba mai ƙaryata shi. Amma idan akwai hoto mai kwanan wata, mutum ɗari biyar sun gani, sun yi sharhi, an san inda zoben sulken ya tsinke, kayan ya zama mai zafi a hannun ɓarawo.

Ku tuna gobarar gidan tarihin ƙasar Barazil a Satumban 2018. Kaya wajen miliyan 20 ne a ciki, yawanci suka ƙone cikin dare ɗaya. Me ɗalibai suka yi? Roƙon jama'a suka yi a intanet: duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a ciki ya turo. Hotunan maziyarta, har da na masu ɗaukar kansu a gaban kaya, su suka zama shaida.

Alhaji Tanko (Birkitiri, Yawunde): 'Yata, hoto daban, talla daban. A ɗauki hoton komai a ajiye a wurin lamiɗo da wurin hukuma, na yarda. A baza wa duniya, ban yarda ba.

Malam Isiyaku (Marwa): Ku biyun kuna da gaskiya, kuma ba wuya a haɗa ku. Balarabe, zunguru da akushi da mazari ba mai tsallaka katanga saboda su. Su ne kuma mutane suka fi sani, suka fi son magana a kai. Ka fara da su. Abin da ke da tagulla ko azurfa, ka ɗauki hotonsa a kan farin ƙyalle a tsakar gida, ba taga ba ƙofa. Kuma a gyara tagar.

Ustaz Habibu (Garwa): Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ban so shiga ba, amma an ambaci mutum-mutumi. Ina jin tsoron ranar da yaranmu za su buɗe waya su ga gunki an yi masa ado da kiɗa a bayansa ana cewa ga gadon kakanninku. Zunguru ba komai, lifidi ba komai. Amma ina iyakar take?

Zainabu (Ngaundare): Allah gafarta Malam, ai ba bauta ake ba, nuni ake.

Ustaz Habibu (Garwa): Na sani, 'yata. Kuma ban ce a fasa ba. Alƙur'ani da kansa ya umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu ga yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, kuma an bar jikin Fir'auna ya zama aya. Abin da nake cewa shi ne lafazi. Wanda ya shiga gidan tarihi da ƙafarsa, ya yi niyya, akwai mai yi masa bayani. Wanda abin ya faɗo masa a waya tsakanin tallan atamfa da wasan barkwanci, ba shi da kowa. To mai rubuta bayanin ya san nauyin da ke kansa. Sannan ina da ƙorafi: kullum sulke da takobi. Ina allo, ina tawada, ina gafaka, ina rubutun ajami da ke cikin akwatunan gidajen malamai gara tana ci? In Balarabe zai ɗora shafi ɗaya na tsohon rubutu ya ce wa zai iya karanta wannan, ni ne na farko.

Balarabe (Garwa): Allah gafarta Malam, akwai gafaka biyu a ɗaki na biyu, ban taɓa buɗewa ba. Kawu ya ce takardun sun manne.

Ustaz Habibu (Garwa): Kada ka ɓamɓare! Ka bar su yadda suke har in zo.

Mariya (Jamus): Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke cina. Ina zaune a ƙasar da bincike na 2023, wanda Bénédicte Savoy da Farfesa Albert Gouaffo na Jami'ar Dschang suka jagoranta, ya nuna tana riƙe da kayan Kamaru sama da 40,000 a gidajen tarihinta. Yawancinsu ma ba a nuna su, suna cikin sito. Hajiya, ku kuma rahoton da aka miƙa wa Macron a 2018 ya nuna Cadi ce ta fi kowace ƙasa ta kudu da Sahara yawan kaya a gidan tarihin Quai Branly na Faris, sama da 9,000.

To ga abin da waya ta yi. Ngonnso, mutum-mutumin uwar da ta kafa masarautar Nso, wani hafsan Jamus ya ɗauke ta a 1902, ta ƙare a Balin. Mutanen Nso sun yi shekaru suna rubuta wasiƙu, shiru. Sai wata matashiya, Sylvie Njobati, ta ɗauki maganar ta kai dandalin sada zumunta, ta je ta tsaya a ƙofar gidan tarihin da kanta, 'yan jarida suka ɗauka. A Yunin 2022 hukumar da ke riƙe da kayan ta amince a mayar. Ba na cewa shafi kaɗai ya yi, an daɗe ana tura motar. Amma kunya a bainar jama'a ta yi abin da wasiƙa ba ta yi ba.

Abin da ke ba ni haushi da shafukan gidajen tarihin nan kuwa, sun iya tambayar jama'a wane zane ya fi burge ku, amma ka rubuta musu a ƙasa, yaya aka yi wannan ya zo hannunku, sai ka ji tsit. Na taɓa yi wa wani gida wannan tambayar a kan wata rigar yaƙi da aka ce daga arewacin Kamaru take. Bayan kwana tara aka ba ni amsa: mun gode da sha'awarki. Shi ke nan.

Ɗanjuma Klando (Kusiri): Mun gode da sha'awarki! Haka budurwa ta ce min a 2019.

Hajiya Ladidi (Njamena): Ɗanjuma Allah ya shirye ka. Mariya, kafin mu je Faris mu duba gida. Gidan tarihin ƙasa yana nan Njamena, akwai sashen Tumai, ƙoƙon kan da aka tsinta a hamadar Jurab a Yulin 2001, wanda masana suka ce ya kai shekara miliyan 7. Sunan nan ba inda ba a sa shi ba a garin nan, har jirgin sama an yi da sunan. Amma ku tambayi matan kasuwa nawa suka taɓa shiga su gani. Ni kaina sai da baƙi suka zo daga Kano suka ce in kai su, kunya ta sa na je. Ga Gawi nan kusa, ba ta fi tafiyar rabin awa ba, tsohuwar fadar sarkin Kotoko an mai da ita gidan tarihi, mata suna gina tukwane suna zane a bangon gidaje. Hotunan Gawi da nake gani a waya, kusan duk Turawa ne suka ɗauka, da bayaninsu da harshensu. Shi ya sa tambayar Balarabe ta yi min daɗi. Da Hausa aka yi ta, kuma mu aka tambaya.

Malam Isiyaku (Marwa): Hajiya ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Harshe. A Garwa da Marwa kasuwa da Fulatanci ake ci, a Njamena da Larabci, a gida Hausa, a makaranta Faransanci. Katin gidan tarihi kuwa Faransanci kaɗai ya sani, wato yana magana da wanda ya yi lakwal, makarantar boko ke nan, kuma wanda ya yi lakwal shi ne ya fi kowa jahiltar zunguru. Masu ilimin abin ba sa karanta boko. Saƙon murya shi ne ya buɗe musu ƙofa. Balarabe, in ka koma rubutu zalla ka sake rufe ta. Kowane hoto ka haɗa shi da murya, Hausa da Fulatanci, ko da daƙiƙa 20 ne.

Amma in gargaɗe ka, jama'a ba kullum suke da gaskiya ba. Ka ɗora takobi ka ce na wa ne, mutum goma za su rantse na kakansu ne, kuma da shi aka yi yaƙin Rabe.

Ɗanjuma Klando (Kusiri): Baba Malam ai nan garinmu aka kashe Rabe, 22 ga Afrilu 1900, ranar da shi ma Kwamanda Lami ya mutu, wanda aka sa wa Njamena sunansa har 1973. Wannan kam ko ni na sani, don ina kai baƙi wurin. Kuma kowane gida a Kusiri akwai takobin Rabe. In an tara su, Rabe ya yi yaƙi da hannu ɗari uku.

Malam Isiyaku (Marwa): To ka ji. Shi ya sa ake rubuta wa ya faɗa, a ina ya ji. Ba a goge katin da saboda mutum ɗaya ya yi sharhi. Na zunguru ya tabbata ne don mata da yawa da ba su san juna ba sun faɗi abu ɗaya, kuma ga jan lalle a ciki.

Asabe (Gidar): Salamu alaikum, ni ban cika magana a nan ba, amma wannan ya shafe ni. Shekara biyu da suka wuce wani shafi na tsoffin hotuna, ba na Balarabe ba, ya ɗora hoton wasu mata uku a tsakar gida, ɗaurin ƙirji, ba mayafi. Wani Bature ya ɗauka tun kafin 'yancin kai. Ta tsakiya kakata ce. Mun gane ta da tsagen fuskarta da kuma turmin da ke gefe, yana gidanmu har yau. Matar da ta yi shekara 50 a kulle, ta je Makka sau biyu, ta rasu da mutuncinta, sai ga samari suna sharhi a kan jikinta. Babana bai ci abinci ba ranar. Mun roƙi mai shafin ya cire, ya ce tarihi ne, ba namu ba ne mu kaɗai. Sai da aka haɗa shi da manya.

Ba na ƙin abin da kuke yi. Ni ma na ji daɗin ganin fuskarta tana budurwa, ban taɓa gani ba, na ajiye hoton a wayata. Amma Balarabe, ka ce akwai hotuna a gidan nan. Kafin ka ɗora fuskar mutum, ka nemi jikokinsa. Garuruwanmu ba su da girman da za a ce ba a san su ba.

Zainabu (Ngaundare): Inna Asabe, Allah ya ji ƙanta. Wannan ban yi tunaninsa ba sam, ina can ina kawo misalin Amurka.

Balarabe (Garwa): Amin. Inna, hotunan da ke wurinmu yawanci na hawan sallah ne, mahaya da 'yan kakaki, amma akwai guda huɗu na cikin gida. Waɗannan ba zan taɓa su ba sai an tambayi fada.

Alhaji Tanko (Birkitiri, Yawunde): Kun ga abin da nake faɗa ta wata ƙofar. Sannan tambaya ɗaya da ba wanda ya yi: duk wannan, ko mutum ɗaya ya tako ya biya kuɗin shiga? Bamun sun buɗe sabon gidan tarihin sarakunansu a Fumban a Afrilun 2024, ginin kansa siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a sama, kowa ya je sai ya tsaya a gabansa an ɗauke shi hoto, hoton kuma ya jawo wani. Su sun zuba kuɗi. Kai ɗaki biyu da zaure, alamar so za ta sayi maganin gara?

Balarabe (Garwa): Alhaji, ranar Asabar mata bakwai sun zo da yaransu, sun ce zungurun suka zo gani. Kawu ya ce rabon da ya ga mace 'yar gari a ɗakin tun kafin korona. Ɗaya ta ce tana da mazari da alli na kakarta, in ana so ta kawo. Wannan ne ma ya ƙara rikita shi, bai san ko ya karɓa ba.

Hajiya Ladidi (Njamena): Ya karɓa amma da takarda, aro ne ko kyauta, a rubuta, ta sa hannu ko ta dangwala, ɗanta ya shaida. In ba haka ba ranar rabon gado za ku ga mutane a ƙofa.

Alhaji Tanko (Birkitiri, Yawunde): Mata bakwai. To, ba laifi. Ni dai a sa ƙarfe a tagar nan. Ka tambayi maƙeri nawa ne, ka faɗa min ta gefe.

Ɗanjuma Klando (Kusiri): Allahu akbar, zunguru ya ci Alhaji Tanko tara.

Balarabe (Garwa): Jama'a ga yadda aka kwana. Jiya bayan magariba na je gidan Kawu, na durƙusa na ba shi haƙuri, sannan na kunna masa muryar tsohuwar. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba. Da ta zo wurin da take kwatanta yadda ake daɗe bakin da fata don kada ya yanki hannu, sai ya ce in mayar baya. Ya ji sau biyu. Ya ce muryar ta yi kama da ta wata da ya sani a unguwar Hausare, ya tambayi sunan mijinta. Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar ƙugiya, da ƙaramar ƙararrawa a gindinsa. Ya ce wannan tun da ya karɓi makulli yake cikin akwati, ba kati, shi ma bai sani ba, kuma wanda ya gada a wurinsa bai sani ba. Ya ce in tambayi mutanen nawa.

Sharaɗinsa uku: ba na ɗora komai sai ya gani, ba hoton ƙofa ko taga, kuma shi ba zai shiga bidiyo ba. Na ukun ina ganin zai sauko, don ya tambaye ni ko da babbar riga ake yi.

Katin zunguru kuma ya ce a sake shi, Faransanci a sama, Hausa da Fulatanci a ƙasa, a sa sunan tsohuwar in ta yarda. Yana so a yi layi ɗaya da ajami. Ni hannuna a ajami kamar tafiyar kaza ne.

Ustaz Habibu (Garwa): Ka kawo katin gobe bayan la'asar, farar takarda mai kauri, kada ka zo min da biro, ina da tawada. Daga nan mu wuce in ga gafakan.

Hajiya Ladidi (Njamena): Turo hoton ƙugiyar nan tukuna mu gani. Ka ajiye cokali a gefenta don a san girmanta.